Ranar Shukar da Na Tona Asirin Babana

A lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Kusada, yarinya ce ni marar magana, sai dai ido. Babana ma'aikacin wani banki ne a Kankia, kullum da babur yake zuwa. Tsohon manajansu ya san 'ya'yan manoma yake shugabanta. Duk ranar da aka wayi gari da ruwan shuka, yakan ce kowa ya je gona ya zo da hantsi. Su kuma sukan kai yamma liƙis suna taya tsofaffi cika takardu, ba wanda ya sa su.

Da aka kawo sabon manaja sai ya ajiye littafin sa hannu, takwas na cika ya ja jan layi. Baba ya daina hira in ya dawo. Na lura ko kari ya daina yi wa hularsa.

Ranar da ruwan shuka ya sauka muna hutu. Muka yi sammakon gona, Baba na sara da sungumi ina zuba gero. Ya makara zuwa aiki, cikin sauri ya manta tabarau, Mama ta sa ni a mota na kai masa. A bakin ƙofa manajan ya tare ni da murmushi, ya kira ni 'yarsa, ya tambaya ko babur ɗin Baba ya gyaru. Ban san abin da Baba ya faɗa masa ba. Kaina a ƙasa na ce lafiyar babur ƙalau, shuka muka je.

A gaban jama'a manajan ya kira Baba maƙaryaci. Baba ya karɓi tabaran, ya ce mini sannu, in gaida gida. Kafin a yi noman farko aka mai da shi wani reshe mai nisa, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Ciyawa ta cinye geron.

Bai taɓa ɗora mani laifi ba, ya ce shi ya yi ƙarya. Amma na gaji da tuna murmushin nan. Yanzu in na bi ta bankin, kowa na kan kujerarsa tun takwas, tsofaffi kuma na tsaye da takardu ba mai ɗaga kai.

Shugabanni, tsoro na kawo mutum wurin aiki, amma a gida yake baro zuciyarsa. 'Yan'uwana yara, in babba ya tambaye ku labarin iyayenku yana murmushi, ku ce ya tambaye su.