Wanda Ya Saki Igiya

Nantenin Kuyate ba ta yarda da abin da ba ya cin abinci ba. Haka ta gaya mini ranar da na same ta a tsakar gidanta a Kolondala, can yamma da garin Kita, tana ɓarar gyaɗa a cikin ƙwarya.

"Mai ci yana jin kunya," in ji ta. "Wanda ba ya ci, me zai sa ya kama bakinsa?"

A gidan jeli aka haife ta, masu riƙe tarihin gari da ka. Mahaifinta makaɗin molo ne. 'Yan'uwanta maza duk Bamako ta janye su, saboda haka magana ta faɗo a kanta. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta ci gaba da noma gyaɗarta. Ita ake kira suna da biki, ita ake aika in gida biyu sun daina gaisawa. Amma babban aikinta na ranar yasar rijiya ne, sau ɗaya a shekara kafin damina.

A ranar takan ba da labarin kafuwar gari. Wani baƙo mahaƙi ya shiga rijiyar farko, mutum uku suka riƙe masa igiya: ɗaya daga gidan Kamara, ɗaya daga gidan Sisoko, ɗaya daga gidan Tarawele. Ɗaya a cikinsu ya saki, baƙon ya mutu a ciki. In ta iso nan sai ta ɗora tafin hannu a baki, molo ya ci gaba shi kaɗai, sannan ta shiga kirarin gidajen uku. Ba a faɗin sunan. Jeli guda ne yake saninsa a kowane zamani, shi ma a gona ake gaya masa, baki da kunne. Bara Nantenin ta kai jikarta Maramu gona ta gaya mata, kowa ya san an yi magajiya.

Da rani wata ƙungiya ta kawo wa makarantar garin wani akwati. Tsayinsa kamar turmi, da hasken rana yake aiki. Yana sauraron tsofaffi, ya riƙe labarinsu har da muryarsu, yara su tambaye shi ya ba su amsa da muryar wanda suke so. Har muryar matattu ya iya yi, daga tsofaffin kaset. Yara suka sa masa suna Kaka Ƙarfe. Nantenin ta ƙi zama a gabansa. Sai dai mutanen gari sun daɗe suna ɗaukar muryarta ranar rijiya, suka kwashe duka suka ba shi.

Wata rana wata yarinya ta tambaye shi wa ya saki igiyar. Akwatin ya amsa da muryar Nantenin: "Moriba Tarawele ne."

Kafin la'asar magana ta gama gari. Yara suka fara kiran 'ya'yan Tarawele "saki-igiya", kuma ba da wasa ba. A bakin rijiya wata mata ta ƙi miƙa wa matar Tarawele guga. Dattijon gidan ya wuce Nantenin a hanya bai amsa gaisuwarta ba.

Nantenin ba ta tambayi kowa komai ba. Ido ta sa. Ta tuna Maramu ce ke share ajin da akwatin yake. Ta tuna yarinyar takan daɗe in ta je ɗebo ruwa, kuma hanyar rijiya ta bayan makaranta take bi. Ta lura wayarta ba ta rabuwa da ƙugunta ko a gona. Ta daina cin tuwo akushi ɗaya da ita. Da aka gayyace ta wani bikin suna, ita kaɗai ta tafi, Maramu na zaune a gida da ɗankwalin fita a kai.

Da ta dawo ta tarar yarinyar ta tsare ƙofa.

"Kaka, in kora ta za ki yi, ki faɗa mini da baki."

"Kai, baki. Ai shi ne ya yi miki yawa."

"Wallahi ban faɗa ba."

"Mu biyu ne a gonar nan. Ni da ke, sai gyaɗa. Gyaɗa ce ta je makaranta?"

"To ki kore ni," in ji Maramu. "Amma ki sani, yanzu mutane rabi sun yarda da akwatin, rabi suna cewa shirme ne. Suna ganin kin fita babu ni, lissafi za su yi. In ƙarya ya faɗa, me na yi miki? Yau ma a wurin sunan an tambaye ki ina nake, ko ba a tambaya ba?"

An tambaya. Mata biyu ne suka tambaya, ɗaya daga gidan Sisoko, tana kallon idonta.

Washegari Nantenin ta tafi makaranta da kanta. Malamin da ke kula da akwatin, Lasin Keyita, abokin wasanta ne ta gida, don tsakanin Kuyate da Keyita ba a jin haushin zagi.

"Maciyin wake," ta ce, "ina ɗan naka mai satar murya?"

"Ga shi nan, Iya. Tun jiya na rufe masa baki. Ni ma ban yi barci ba, ki bar ganin tumbina."

"Tumbinka ba ya rama ko gari zai ƙone. Wa ya gaya masa?"

"Na bi duk abin da ya saurara tun ranar da ya zo. Babu wanda ya faɗi sunan."

"Haka za ka ce. Yarinyar tana share maka aji kyauta."

Lasin bai yi musu ba. Ya taɓa akwatin, ya tambaye shi ina ya samo amsar. Akwatin ya ce ba a gaya masa ba, kintata ya yi. Ya ce a duk kaset ɗin ranar rijiya, na Nantenin da na gwaggonta da ta riƙe magana kafin ita, bayan shirun kirarin gidan Tarawele ya fi na sauran tsawo, kuma shi ake farawa da shi. Ya ce a sauran labaran tsofaffi da ya ji, wanda aka fi lulluɓewa da yabo shi ne mai rauni. Sannan ya saka muryoyin ɗaya bayan ɗaya.

Nantenin ta saurara har ƙarshe, hannunta a haɓa. Lasin ya ce mini fuskarta ba ta nuna komai ba. Da ya ƙare sai ta yi dariya mai ƙarfi, irin wadda za a ji daga waje.

"Tarawele sun fi kyauta ne kawai. Wanda ya ba ka rago, ai ba za ka yabe shi kamar wanda ya ba ka zabo ba. Wannan ne hikimar ɗan naka? Ka gaya wa kowa haka na ce."

Ya gaya wa kowa. Ya kuma gyara akwatin: yanzu in an yi masa wannan tambaya, kiɗan molo kawai yake sakawa.

Ranar yasar rijiya Nantenin ta zo riƙe da hannun Maramu, ta zaunar da ita a kan tabarmarta, ta ce muryarta ta dushe, jikarta za ta yi. Ina wurin. Maramu ta kai labari har bakin igiya, ta rufe baki, molo ya yi nasa. Da ta buɗe, da Kamara ta fara, ta bi da Tarawele, ta rufe da Sisoko, babu wanda ya fi wani ko da numfashi ɗaya. Dattijon Tarawele ya aiko da goro. Wasu sun ce magana ta mutu. Wasu har yau in sun ga ɗan Tarawele da guga sukan kalli juna.

Na tambayi Nantenin ko akwatin gaskiya ya faɗa. Ta miƙo mini gyaɗa ta ce in ci. Na tambaye ta ko ta yarda yanzu Maramu ba ta faɗa ba.

"Akwatin ya ce ba ta faɗa ba," in ji ta. "Shi kuma wa zai yi masa shaida?"

Amma tuwon da aka kawo akushi ɗaya ne, suka ci tare. Akwai sauran magana biyu da ba a faɗa a Kolondala, kuma da yamman nan Nantenin ta ɗauki fartanya ta ce Maramu ta biyo ta gona. A bakin ƙofa ta tsaya, ta sa yarinyar ta ajiye waya a cikin ƙwarya, ta kife wata a kai. Sannan ta dubi 'yan kunnenta.

"Waɗannan fa, wa ya ba ki?"

"Ke kika ba ni, Kaka."

"Cire su duk da haka."