Kunnen Hagun Mai Sauti

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon siton nan da aka mayar gidan wasa ya san Mai Sauti, ko da bai taɓa gaishe shi ba. Shi ne gajeren mutumin da ke tsaye can baya kusa da ƙofa, gaban wani tebur mai maɓallai rututu, fuska a murtuke alhali kowa na rawa. Shekararsa ashirin da bakwai yana wannan tsayuwar. Da gyaran rediyo ya fara a wata 'yar rumfa, har ranar da lasifikar wasu makaɗa ta mutu ana saura awa ɗaya a fara wasa, aka rasa wanda za a kira sai shi. Ya gyara, ya ce bari ya tsaya ya ga ko za ta riƙe. To, har yau bai koma rumfar ba.

Wurin na kowa ne. Masu zane su rataya hotunansu a bango, 'yan wasan kwaikwayo su karɓi Alhamis, Asabar da la'asar kuwa ta makaɗa ce, kuma kowa sai ya bi ta hannunsa. Shi dai ba ya kiɗa, ba ya waƙa. In ya ɗauko waƙa a banɗaki ma, matarsa kan buga ƙofa ta tambaya ko lafiya. Amma fa kunne, Allah ya ba shi. Tun daga bakin ƙofa zai ce wayar jita ta kusa tsinkewa daga ciki, a duba a tarar haka ne.

Wannan kunnen ne ya fara yi masa tsiya. Wata safiya ya tashi ya ji na hagun ya toshe, kamar wanda ruwa ya shige masa wurin wanka. Ya girgiza kai, ya yi hamma, ya haɗiyi yawu, shiru. Sati ya zama wata, wata ya zama huɗu, bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Mai haɗa sauti kurma, ai ko mahaukaci ba zai ɗauke shi aiki ba. Kuma ba albashin ne ya fi damunsa ba. Tsoronsa ranar da za a dafa masa kafaɗa cikin ladabi a ce, “Baba, ka huta haka nan.” In ya bar teburin nan, shi kansa bai san ko shi wane ne ba.

Sai ya shiga dabara. Ya riƙa tsayawa a karkace yana ba dandamali kunnen dama. Abin da bai ji sosai ba ya ƙara masa ƙarfi, ya liƙa 'yar takarda inda ya tsayar da maɓallin don kada ya manta. A hanya kuma ya koma bin matarsa ta hagunta, don maganarta ta faɗo a kunnen mai lafiya. Shi a ganinsa ya rufe kowace kafa.

Haba, matar da ta shekara talatin tana zaune da kai? Wata rana yana shan shayi ta zagayo ta hagunsa ta ce a hankali, “Baban yara, na sayar da akwatin kayan gyaranka.” Bai ko motsa ba. Ta dawo ta dama ta maimaita, ya zabura har shayin ya zube masa a cinya.

“Ban sayar ba,” in ji ta. “Gobe da safe za mu asibiti.”

“In je in yi me? A gaya mini abin da na riga na sani?”

“Eh. Ka je ka ji da wanda ya rage.”

Wanzami dai ba ya son jarfa. Mutumin da ke zazzage wa makaɗa faɗa in sun bar kayansu ba gyara, sai da aka tasa shi gaba kamar tunkiyar da za a kai kasuwa. A kan bencin jira ya zauna yana tsara yadda zai shaida wa mai gidan wasan cewa ya ajiye aiki.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta haska 'yar fitila cikin kunnen, ta daɗe tana leƙe, sannan ta tambaye shi sana'arsa. Ya faɗa da ƙyar.

“Kana toshe kunne in kana aiki, Baba?”

“In zan matsa gaban manyan lasifiku ana cikin kiɗa, nakan yagi auduga in cusa. In na dawo tebur in cire.”

“Kullum kana cirewa?”

Ta ɗiga masa magani, ta bar shi ya jiƙa, sannan ta sa hantsaki. Ya runtse ido. Ya ji ana jan wani abu a hankali, a hankali, sai ɓut! Ta ajiye masa a faranti: dunƙulen auduga baƙi ƙirin, ya yi tauri kamar ƙwallon dabino. Ashe wata Asabar cikin gaggawa ya cusa sabuwa kan tsohuwa, ya tura ta can ciki, ya zaro ta waje kawai ya yi gaba abinsa.

Wayyo duniya! Fankar ɗakin ashe ƙara take yi. Ya ji takun wani a baranda, ya ji ƙarar biron likita kan takarda, ya ji matarsa ta hagunsa tana dariya har da riƙe ciki. Ya buɗe baki zai ce mata ta yi wa mutane shiru, sai hawaye suka riga maganar fitowa. Ya bar su suka zuba, don wani irin sanyi ya ji ya sauko masa tun daga ka har tafin ƙafa.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa. Makaɗa suka hau gwajin sauti, ya ɗaga maɓallai zuwa inda takardunsa suke. Dogo mai jita, wanda suka tsufa tare a wurin, ya kaɗa tsirkiya ɗaya. Mai Sauti ya dafe kai. Ƙarar ta soke shi har haƙori.

“Kai! Wane ɗan banzan ne ya taɓa mini tebur?”

Mai ganga ya sunkuyar da kai yana gyaran abin da bai lalace ba. Dogo ya sauko daga dandamali ya tako har baya, ya zagaya ta damansa yadda ya saba yi kwanan nan.

“Tsaya nan hagu,” in ji Mai Sauti. “Ina jinka.”

Dogo ya kalle shi da kyau, ya sauke ajiyar zuciya. “Alhamdu lillahi. Ba wanda ya taɓa, mutumina. Wata huɗu ke nan haka kake ba mu. Kana ƙarawa daga nan, mu muna ragewa daga can. Mawaƙiyarmu har baya take ja daga makirufo.”

“Kun sani? Kuka yi shiru?”

“Mai gidan ya so kawo wani. Muka ce masa in ba kai ne a tebur ba, ya nemi wasu makaɗan ma.”

Mai Sauti ya tsaya yana kallon teburin. Ya sa farce ya ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya, ya ja maɓallan ƙasa. Da ya ɗago, sai ya sake murtuke fuska, amma muryar ta ƙi ba shi haɗin kai.

“To tsayuwar me kake yi? Koma ka mayar da naka inda yake da. Kuma ku gaya mata ta matso kusa da makirufon, na yi kewar muryarta.”