Kifin Dutsen Taimamar Yuguda

Duk wanda ya zauna a unguwar Briqueterie ta Yawunde zamanin Ahidjo ya san Yuguda ladan, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Idan ya ɗaga ta da la'asar, har matan unguwar Tsinga sai sun ɗauki buta. Kafin ladanci shekara ashirin ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Yawunde da Garwa, kuma abin da ya tara, in ka cire ciwon baya, duwatsu ne. Direbobi su dawo da albasa da kilishi, shi ya dawo da dutse. Matarsa Tasalla takan ce da ana dafa su da tuni ta yi ƙiba.

Da tsufa ya zo hannuwansa suka kama tsagewa, likita ya hana shi taɓa ruwa. Sai ya jawo wani falalen dutse daga ƙarƙashin gado ya kai masallacinmu yana taimama. To, a jikin dutsen akwai kifi. Kifi sosai, da ƙaya da jela, kwance kamar an soya an manta.

Alhaji Abdussamad mai shagon yadi, wanda ya je Makka sau ɗaya yake ba da labarinta kamar a can aka yanke masa cibiya, shi ya fara gani.

"Baba Yuguda, wannan ai sassaƙa ce! Gunki a masallaci, kana shafa shi kana shafa fuska?"

"Haka na tsince shi, Alhaji, a bakin wani rafi gaban Garwa."

"Da ƙafarsa kifin ya shiga ke nan?"

"Kifin gidanku ƙafa gare shi?"

An yi dariya, amma dattawa suka ce Yuguda ya dakata da kiran salla sai an gane gaskiya. Abdussamad ya karɓi ladancin, da murya irin ta ƙofar langa-langa. Kwana huɗu Yuguda na zaune a zaure, tuwo ma sai ya kalle shi ya ture.

Tasalla ce ta tuna da ɗan ƙanenta Mohaman Bello, magidanci ne da ke aikin jera duwatsu a jami'a. E, ana biyan mutum a kan haka. Ranar Lahadi ya zo, aka baje kayan Yuguda a tabarma ƙofar masallaci.

"Wannan fosil ake ce masa," in ji shi. "Kifin ya mutu a ƙasan tafki, laka ta rufe shi kafin ya ruɓe, wata lakar ta hau kanta. Shekaru suka yi ta wucewa, ba na lissafinmu ba, har lakar ta zama dutse da shi a ciki."

Ya ɗauki wani guntu mai kama da itacen girki ya miƙa wa liman, nauyi ya kusa ƙwace masa hannu. Ya ce itace ne ƙasa ta binne, ruwa mai ɗauke da ma'adini ya riƙa ratsa shi yana cike gurbin abin da ya ruɓe, har ya koma dutse bai sauya kamanni ba. Na uku kuwa kwalfar katantanwa ce ta narke ta bar gurbinta, kamar tsabar kuɗi a jikin sabulu. Wani ma, in ji shi, sawun dabba ne kawai ya bushe, wani ƙwaro ne ƙaro ya kama.

Abdussamad ya taɓe baki. "Zancen 'yan lakwal, bokon banza. Ni dai na san hannu ya zana."

A nan Yuguda ya miƙe. Ya tuna yadda duwatsun rafin nan ke rabuwa falle-falle kamar gurasa. Ya shiga gida ya fito da wasu biyu da bai taɓa fasawa ba, da guduma, da ƙarfen cire taya.

"Mai sassaƙa yana shiga cikin rufaffen dutse, Alhaji?"

"Ba ya shiga."

"To, in babu kome ciki, na bar maka ladancin."

Ya fasa na farko. Wayam. Tasalla daga bakin zaure ta ce, "Tsohon nan zai kashe ni." Ya gyara na biyu a tsaye, ya yi bisimilla, ya buga. Dutsen ya buɗe biyu, ga ɗan kifi bai fi yatsa ba, rabinsa a wannan gefe, gurbinsa a wancan.

Liman ya daɗe yana duba shi. Sannan ya ce, "Wanda Ya sa shi a ruwa Shi Ya sa shi a dutse. Yuguda, rana ta yi, me kake jira?"

Ya hau ya kira la'asar, muryar ta miƙe har unguwar Messa. Dutsen taimama yana nan a gefen taga, yara na zuwa kallo. Abdussamad kuwa da kansa ya roƙi rabin ƙaramin, yana danne yadi da shi, yana gaya wa masu saye yadda laka ke zama dutse kamar a gabansa aka yi.