Yayana Mai Sauraron Rumbu

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayana, Dakta Bello, amma har yau in na je gida, ƙauyenmu Turawa, sai wani dattijo ya tsayar da ni ya yi masa addu'a. Allah ya jiƙansa da rahama.

A ƙarshen shekarun tamanin ya fara koyarwa a jami'a, da wani buri da ba wanda ya gane kansa: a buɗe sashen bincike da zai haɗa ilimin lantarki da na halittu. Malaman lantarki suka sa masa suna mai ƙwari, na halittu kuma suna ce masa mai gyaran rediyo. Wani tsohon sito aka ba shi ya buɗe sashen a ciki, shi da 'yan ɗalibansa. Yaya kuwa akwai taurin kai, duk gidanmu shaida ne.

Abin da suka fara ƙerawa wata 'yar na'ura ce da ake manna wa jikin rumbu, ta ɗaga sautin ƙwarin da ke cin hatsi a ciki. Ya kawo ta gida gwaji. To a wajenmu ba a leƙa rumbun maigida. Mace ko ɗa, komai digirinsa, ba ya sanin abin da ya rage a ciki. Baffa, mahaifinmu, ya tare shi.

"Bello, bokon ne ya ce ka leƙa mini rumbu?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa, ba leƙawa zan yi ba. Kai za ka saurara, ni ina gefe."

Baffa ya sa abin a kunne yana harararsa. Can sai muka ga fuskarsa ta canza. Ya kore mu duka, ya hau ya buɗe da kansa, ya fitar da dawa ya shanya. Har ya bar duniya bai faɗa mana yawan ɓarnar ba, sai dai ya aika garin Fulatan aka kira amininsa shi ma ya zo ya ji.

Daga baya wata ɗaliba ta ce a ƙara wa na'urar abin auna yawan hatsin. Yaya ya ƙi ƙememe. Ya ce ranar da ta fara tona asirin maigida, ranar za a daina bari ta shiga gida.

Da zai ga wayoyin yau, na san sai ya kwance ɗaya ya ga cikinta, sannan ya yi faɗa don ana ta kallon rawa da ita, ƙwari na cinye wake a buhu.

Waccan ɗalibar ita ce shugabar sashen yanzu. Kwanan baya ta ce mini ana maganar narkar da shi cikin wani, wai ɗalibai ba sa nema. Raina ya ɓaci matuƙa, ba zan ɓoye ba. Ni ba farfesa ba ce, malamar firamare ce mai ritaya, amma yaran da na koyar sun cika Ƙaraye da Rogo, 'ya'yansu na gama sakandare. Na fara bin su gida-gida, ina roƙon su tura 'ya'yan nasu sashen. Yaya bai bar ɗa ba, wannan sashen ya bari, kuma ba za a rufe shi don rashin ɗalibi ina da ƙafa ba.