Mai Gwada Na'urar Numfashi

Mai gyaran rediyo yana zaune a barandar asibiti, yana jiran a fito da mahaifinsa daga ɗakin tiyata. Ta wata ƙofa da ke buɗe yana hango wata siririyar mata mai tabarau, biro soke a ɗankwalinta, tana gwada na'urar taimakon numfashi. Sai ta zare waya, na'urar ta yi ƙara, ta duba agogo, ta rubuta, ta mayar. Ya ƙirga har sau goma sha bakwai. A ransa yana cewa wannan ko gishirin miya sai ta auna, mijinta na shan fama.

Shi kuwa gwani, shekara ashirin gwajinsa ɗaya ne: ya mari rediyo a gefe, in ya yi magana an gama. Don haka ya tashi ya leƙa ya ba da shawara kyauta.

"Malama, ai tana aiki. Tun ɗazu take ihu."

Ba ta ko ɗago ba. "Sau ɗaya ta makara da daƙiƙa biyu. Sai na gano dalili kafin a sa wa dattijon da ke tiyata."

Gwanin ya waiwayi ɗakin da mahaifinsa yake, ya gyara tsayuwa.

"To Malama, ai ba sauri muke ba. Ƙara zarewa mu gani."