Tsohuwar Da Ke Yi Mini Hoce

Da ana iya mayar da magana cikin baki, akwai guda ɗaya da zan mayar, ko da ita kaɗai aka ba ni dama. Na tsufa, na manta abubuwa da yawa, amma wannan ba zan manta da ita ba har a sa ni ƙasa.

Lokacin da ake gina madatsar Bakolori na samu aikin lebura. Aka ba ni takalmin roba da hular kwano, sai na fara ganin kaina rabin Bature. Kullum da safe matata takan ƙulle mini hoce a tsumma mai tsabta. Da garin dawa take yinsa, ta gasa a kasko, ta farfasa, ta yi datu, wato kwaɗo, da garin ƙuli da albasa da man gyaɗa. Ni kuwa kunyarsa nake ji, don abokan aikina burodi suke ci da kifin gwangwani. Sai in miƙa wa helumanmu, shugaban leburori, wani dattijo mutumin Maradun, in wuni da yunwata ina ƙasaita.

Da ya tambaye ni wa ke yinsa, na ce, "Wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu. Mu gidanmu mun bar cin irin wannan."

Rannan ya ce zai biyo gidana ran Talata in ya ci kasuwar Mafara. Na tayar da hankalin gida. Na taɓa leƙen kukun Turawa ta taga yana naɗe nama cikin kwaɓin fulawa yana soyawa, don haka na ɗauka na iya. Ni da ban taɓa hura wuta ba, na tsaya kan matata ina ba da umarni.

"Malam, kwaɓin ga ya yi tauri," in ji ta. "Bari in yi hoce mana, ga gari nan."

"Ba a ba babban baƙo abincin gona. Ke dai soya."

Ta soya. A zaure heluma ya ɗauki ɗaya ya ciza, ya sake gwadawa da ɗaya gefen bakin, sannan ya aje a hankali.

"Wannan ka taho da shi wurin aiki gobe, dutse ya yi mana ƙaranci," in ji shi. "Ni ba don shi na zo ba. Kai ni in gaida tsohuwar nan mai hoce. Tun rasuwar innata ban ci irin nata ba."

Ashe matata tana bayan zana, ta kawo ruwa. Suka gaisa, sannan ta ce, "Baba, wace tsohuwa?"

Ya maimaita mata maganata duka, bai rage ko kalma ba. Sai ta amsa masa.

"Ai ta rasu, Baba. Yanzun nan, ba da jimawa ba."

Bawan Allah ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a. Ni ma na ɗaga nawa. Na shafa, na ce amin, alhali mamaciyar tana tsaye bayan zana da kwanon ruwa.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da safe na buɗe tsumma a wurin aiki, na tarar da sauran duwatsuna.

Aka gama madatsa, aka karɓe hular kwano, na koma gona da yunwar gona. Takan yi hoce ta ba 'ya'yanmu da maƙwabta. In na miƙa hannu sai ta janye kwano, ba tare da fushi ba. "Mai yi maka ta rasu, Malam. Kai ka ce amin."

Na yi ta jiran ranar da za ta huce, ban taɓa tunanin in ce ta yi haƙuri ba. Har ta rasu da gaske, na sake cewa amin.

Ku da ke karanta wannan, in an ƙulle muku abu a tsumma daga gida, ku buɗe shi gaban kowa, ku faɗi wadda ta yi. Kada ku yi irin tawa.