Kwanukana Goma Sha Ɗaya da Motar Baban Falmata

Damina tara ke nan da rasuwar mai gidana. 'Yan unguwarmu ta Ajilari sun san shi da Ba Kyari akawu, ni kuwa ban taɓa kiran sunansa ba, Baban Falmata nake cewa. Ban yi boko ba. Falmata ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

Tun yana aikin ofis ya jawo wata matacciyar mota mai ƙirar kunkuru, irin mai inji a baya, ya ajiye mini ita a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Ba taya, ba gilashi, kaji har sun fara ƙwai a kujerarta. Ya ce motar Barno ce, ba ta shan ruwa, kamar raƙumi. Na ce raƙumi dai yana tafiya. Kowace Asabar, da kowace yamma bayan la'asar, yana ƙarƙashinta. Da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, wasu maza suna zaune jugum da rediyo a kunne, shi yana kwance da sifana. Hanyoyi sun rufe, kayan gyara ba sa zuwa, ƙaramin ƙarfe ɗaya sai ya yi wata uku yana jiransa.

Abin da ya haɗa mu faɗa kwanuka ne. Duk abin da ya kwance daga injin, sai ya shiga ɗakina ya ɗauki kwano daga jeren da uwata ta yi mini na aure, ya zuba notoci a ciki. Ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya, duk suka yi baƙi da mai. Kowanne na riƙe ranar da ya fita da abin da yake kwancewa a ranar, don in samu abin yi masa gori. Yakan ce, "Hajja, ranar da ta tashi ke zan fara ɗauka, in kai ki unguwar Dala wajen yayarki." In ce, "Ranar ka dawo mini da kwanukana."

Zazzaɓin kwana shida ya ɗauke shi, ya sa mata taya da gilashi, amma injin yana warwatse.

Bayan sadakar bakwai ƙanensa Modu ya zo da masu sayen tsoffin ƙarafa. Ba don mugunta ba ne. A shekarun nan mota a tsaye ba ta motsi abin tuhuma ce don tsoron bom, bulama mai unguwarmu ma ya yi magana. Modu ya ce a sa ta a sikeli a huta. Na ce masa ta bayan labule, "Ka bari in fita takaba. In ba ta tashi ba, ka auna ta."

Sai na aika wa Malam Ishaku, abokin marigayin, bakanike ne mutumin kudancin Barno da ke zaune a Jiddari Polo. Ya zo ran Lahadi bayan sun taso daga coci. Ya dubi kwanukan, sannan ya ce, "Ya Hajja, mutumin nan bai rubuta komai ba? Akawu guda? Irin wannan injin rabona da shi tun ina saurayi."

Na ce, "Ɗauko mai jan fure. Na wannan abin mai shan mai ne, ya kwance shi ranar da aka hana babura. Mai tsuntsu biyu na wajen bel ne. Koren nan mai ɓallin baki kada ka taɓa shi, shi ya fara fita, shi ne zai koma ƙarshe."

Ya yi dariya ya ce, "Ashe littafin yana bayan labule."

Haka muka yi wata huɗu. Yana ratso shingen sojoji da jakar sifanu, a sauke shi, ya ɗaga hannu, ya yi bayani, ya iso. Ni ina zaune a bakin ƙofa da carbi ina kiran kwano. Sau biyu ya yi mini musu, sau biyu ya kwance ya mayar yadda na faɗa. Ashe fushin da na yi ta tarawa ajiya ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura kwana biyu in fita, Modu ya zo da igiya da masu turawa. Malam Ishaku ya murɗa makulli, ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta mutu. Na ce masa ya duba gindin koren kwano, akwai ɗan ƙarfe da ya manne a cikin baƙin mai. Ya ɓanɓaro shi ya ɗaura. A na uku ta kama, kaji suka watse, hayaƙi ya cika tsakar gida. Modu ya naɗe igiyarsa, ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hularsa.

Ranar da na fita takaba Malam Ishaku ya kai ni Dala. A shinge soja ya ce a buɗe baya ya ga kaya. Da ya ga inji ne, sai ya kira abokan aikinsa su zo kallo, suka ɗaga mana hannu muka wuce.

Yau ban san me Baban Falmata zai ce ba in ya ga gari. Hanyoyin da ya sani a rufe an buɗe wasu, unguwa ta cika da mutanen da suka baro ƙauyukansu, da yawa cikin abokan hirarsa babu su. Amma na san zai tsaya ya ga motarsa ta ɗauko amarya, don yanzu duk bikin da za a yi a layinmu ita ake roƙo. Falmata ke tuƙawa. Zai ce tana sakin kuloci da garaje, kuma gaskiyarsa.

Bai bar gidaje ba, bai bar suna a jarida ba. Ya bar mini shaida cewa a lokacin da kowa ke ganin abu yana rushewa, mutum ɗaya ya zauna yana haɗa wani abu, noti bayan noti. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa.

Kwanukan sun dawo ɗakina, goma na wanke da toka. Koren ban wanke ba.